Ido-ƙasa da Kujera ta Biyar

Yayana ya zaga ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa daidai ba, amma in ka tambaye shi yadda wata ƙasa take, labarin daɓe zai ba ka. Wannan ƙasa katakon dandamalinsu yana da laushi, yana karɓar ƙafa. Waccan siminti ne suka lulluɓe da baƙar leda don yaudara, sai da 'yan rawa suka dawo gida suna ɗingishi. Matarsa ta taɓa tambayarsa ko ya ga teku a wata tafiya, ya ce ya dai ji an ce akwai. Hotunan da ake kawowa daga tafiye-tafiyen kuwa, kowa na kallon kyamara yana washe baki, shi sai tsakiyar sanƙonsa ake gani. Shi ya sa a wurin aiki ba mai kiransa da komai sai Ido-ƙasa, har yaran da ya girme wa iyayensu.

Makaɗi ne a ƙungiyar rawa ta garinmu, ni kuma telar ƙungiyar. Shi ya samo mini aikin lokacin da aurena ya mutu na dawo gida da keken ɗinki da yara biyu. Ɗakina na manne da zauren atisaye, bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma bai kai rufi ba. Don haka duk abin da aka yi a zauren a kunnena ake yin sa, ko ina so ko ba na so. Na yi shekaru ina taka keke a kan kiɗansa, har ya zama in ya tsaya ƙafata ma tsayawa take yi.

Ana cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wurin Yaya abin a juye yake. Sauran makaɗa bugun abinsu suke yi, ɗan rawa ya bi ko ya faɗi, ruwansa. Shi kuwa zai zauna a gefe kan wani guntun benci, ganga tsakanin gwiwoyinsa, ya ƙura wa ƙafafu ido. Dunduniya ta ɗaga, hannunsa ya ɗaga. Ta sauka, ya sauka tare da ita, ba gaba ba baya. Wanda ke kallo daga kujera zai rantse kiɗan ne ke juya mai rawa, alhali ƙafar ce ke juya kiɗan. Illar abin ɗaya ce, in babu ƙafa a gabansa ba ya iya tsinana komai. An taɓa matsa masa ya ɗan taɓa wa baƙi a gida, ya buga abin da ko ɗan koyo zai ji kunyarsa, sai da 'yarsa ta tausaya masa ta tashi ta taka, sannan hannunsa ya dawo.

Ƙafar da ya fi daɗewa yana bi ita ce ta Barewa, babbar 'yar rawar ƙungiya. An sa mata sunan tun tana 'yar siririyar yarinya da ba ta iya tafiya sai da tsalle. Yanzu ta haye arba'in, tana da ɗa a jami'a, tana kuma naɗe gwiwar hagu da bandeji kafin kowane wasa. Na sani ne don ni ke ƙara wa siket ɗinta tsawo ya rufe bandejin. Kawu take ce masa, ko da yake ba su haɗa komai ba. Tana da wata rawa da take yi ita kaɗai a ƙarshen wasa, mai juyi a jere kamar ba za a daina ba, kuma saboda rawar nan ake gayyatar ƙungiya ƙasashen waje.

Gayyatar nan ita ke riƙe da mu. Mutanen garinmu suna son rawa ƙwarai, in dai kyauta ce. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara mutum goma sha huɗu za su ɗunguma da akwatuna su hau jirgi. Ni ba a tafiya da ni, tela ba ta hawa jirgi, kuma tuni na daina jin ciwon hakan. Amma Yaya, tafiyar ita ce shekararsa. Tun ana saura wata guda zai sauya fatar ganga, ya naɗe ta a tsohon bargo, ya rungume ta a kan cinya har filin jirgi, can ya yi ta fama da ma'aikata masu son sanin fatar wace dabba ce. In ya isa, ya nemi makaɗan can ya zauna da su, ba su jin yarensa ba ya jin nasu, su wuni suna miƙa wa juna ganga. Daga wurin wani ya koyo ɗaurin igiyar da har yau yake yi. Su ma sukan zo mana, su cika zauren da warin man shafawa na rana, su koyi abin da za su koya su tafi. Duk dawowar da Yaya zai yi, sai ka ga ya rage tsufa, matarsa ta yi ta tsokanarsa wai ko amarya ya ajiye a can.

Shekarar da annoba ta zo, Barewa ta riga su tafiya ita kaɗai don ta koyar da wasu ɗalibai, sauran za su bi ta daga baya. An buga biza, an naɗe ganguna, na goge kaya na jera a akwati. Sai aka wayi gari an rufe filayen jirgi. Da farko aka ce mako biyu ne, daga nan aka daina cewa komai. Barewa ta maƙale a can a wani ɗaki da masu gayyata suka ba ta, mu muka maƙale a nan, aka garƙame zauren. Ni dai na kwashe ƙyallayen da suka rage daga kayan wasa na koma ɗinka takunkumi a gida, shi ya sa a unguwarmu har dattawa suka yi ta yawo da hanci mai ƙyalƙyali.

Yaya bai da abin komawa. Matarsa ta ce zai fito baranda da safe ya zauna yana kallon ƙafafun 'yan tsirarun masu wucewa ta ƙarƙashin get, yana taɓa cinyarsa da yatsu. In mutum ya wuce, yatsun su tsaya. Wandunansa duk sai da na rage musu ƙugu.

Masu gayyatar nan mutanen kirki ne, ban ce a'a ba. Da abin ya yi tsawo suka ce a yi wasan ta intanet, Barewa a dandamalinsu na can ba 'yan kallo, Yaya a zaurenmu, a haɗa su ta waya duniya ta gani. Daraktan ƙungiya ya samo izinin buɗe zauren na wuni guda. Mutum ne mai hawan jini da yawan ba da haƙuri, rabin rayuwarsa ta tafi wajen roƙon mutanen da bai taɓa gani ba. Shi ya ɗora kwamfuta a kan kujera gaban bencin Yaya, ya kuma roƙi na can su karkato da kyamara ɗaya ƙasa, saitin ƙafafun Barewa. Da ƙafafun suka bayyana a allon, Yaya ya ce ta rame.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne hoto ba ya isowa a kan lokaci. Ƙafa za ta sauka a can, kafin ya gan ta a nan ta riga ta tashi. Ya buga a makare, sautin kuma ya ƙara makara kafin ya isa kunnenta. Ita ta ɗan dakata tana jiransa, shi ya ga ta dakata ya bi ta ya rage, ita ta ƙara ragewa, a haka a haka har su biyun su tsaya cak suna kallon na'ura. Aka sake, aka kuma sakewa. Mai haɗa wayoyi ya ce wa Yaya ya manta da allon kawai ya buga abinsa, ita ta bi. Ya rufe ido ya gwada, abin ya fito kamar ana jan gwangwani a titi. Da la'asar kowa ya gaji, aka haƙura.

Sai na can suka kawo shawara mai sauƙi, a naɗi kiɗan a nan a tura musu, ita ta yi rawa a kansa. Aka kai Yaya wani ɗan situdiyo da aka manne bangonsa da soso, wurin da ko miƙa ba ka iya yi balle rawa. Ya zauna, aka kafa masa makirufo, ya duba gabansa babu ƙafa. Darakta ne ya tuna yana da wani tsohon bidiyo a wayarsa, na rawar Barewa a tafiyar da ta fara yi mata suna, shekaru da yawa baya. Aka kashe sautin bidiyon aka jingina wayar a gabansa. Ina tsaye bakin ƙofa riƙe da takunkuminsa na ga ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya bi ƙafafun nan na cikin waya tiryan-tiryan, kiɗan ya fito kamar wuta, mai ɗaukar sauti har tafi ya yi. Duk cikinmu ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ƙafafun yarinya ya bi.

Aka tura. Barewa ta yi rawar a gaban kyamarori, guntu-guntu, a tsaya a sake, daga baya aka ɗinke guntayen. Muka kalla a waya, ya yi kyau, aka ce mutane da yawa sun gani a ƙasashe da yawa. Yaya ya kalla sau ɗaya ya ce sun iya ɗinki, ya miƙa wa matarsa wayar.

Barewa ta dawo bayan an daɗe, aka killace ta a otal, ta fito shiru-shiru. Zaure ya buɗe, ya sake rufewa, ya sake buɗewa. Kafin komai ya lafa 'yan rawa biyu sun yi aure sun bar gari, ɗaya ya buɗe shagon gyaran waya, makaɗi na biyu ya koma tuƙin haya ya ce ya fi masa kwanciyar hankali. Waɗanda suka rage suna zuwa atisaye ne kamar masu zuwa gaida mara lafiya. Yaya dai kullum shi ne na farkon isowa, yana shafa wa fata mai, yana tambayar Darakta ko an ji wani abu daga can.

An ji daga ƙarshe. Darakta ya tara mu, ya ɗaga kai yana kallon fanka, ya ce an sake gayyatar mu, amma mutum huɗu. Tikiti ya yi tashin gwauron zabi, layin biza ya yi tsawo, su kuma na can sun ce zaman kulle ya koya musu cewa ba dole sai kowa ya hau jirgi ba. Barewa za ta je, da 'yan rawa biyu, da shi kansa. Kiɗa kuwa, sun ce ai suna da shi tun wancan lokaci, maɓalli kawai za a danna. Yaya ya ce Allah ya kai su lafiya, ya ci gaba da shafa mansa. Matarsa ta ce mini ranar abincinsa a rufe ya kwana.

Aka kawo lasifika aka kafa a gefen zaure, daidai inda gangarsa ke zama. Shi bai fasa zuwa ba. Zai zauna a bencinsa ya tura hannuwa ƙarƙashin cinyoyi, yana sauraron kansa yana fita daga akwati. Rawar mutum uku ta tafi daidai, yaran nan ko ƙarar injin niƙa ka sa musu za su taka. Da aka zo rawar Barewa ita kaɗai, ta fara lafiya lau, sai da aka shiga juyi na ji ta bango takunta ya fara zuwa bayan kiɗa. Ta ɗaga hannu aka tsayar. Aka sake, haka. A karo na uku na ji faɗuwa, na bar keke na leƙa, na same ta durƙushe ta dafe gwiwa.

Ta ce lasifikar ce ke gudu, a duba ta. Aka duba, aka ce yadda aka naɗa haka take bayarwa. Darakta ya ce wa Yaya ko zai ɗan taɓa mata da hannu a gani. Ya jawo ganga. Ta tashi tana ɗingishi ta tsaya a tsakiya, ya sunkuyar da kai, suka fara. Daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba, juyin nan duk ta yi su, ta sauka daram. Ba wanda ya tafa. Ta tako ta zauna a ƙasa kusa da bencinsa tana haki.

"Kawu, yaushe ka fara rage mini?"

"Ni ban rage miki komai ba," in ji shi. "Ke ke gaba, ni bin ki nake yi."

A ɗakina ta zo ta kwance bandeji. Ta ce duk shekarun nan ta ɗauka tana nan yadda take. Ko lokacin da ta sha wuya wajen ɗaukar bidiyo a can, sanyi da zaman ɗaki ta ɗora wa laifi. Ashe tsufa ya daɗe da shigowa, Kawu ne ke share masa sawu. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna tana naɗe bandejin tana warwarewa har na gama gugar da nake yi.

Mai ɗaukar sauti ya gwada rage gudun kiɗan da na'ura, bai yiwu ba. Na'ura ko'ina take ragewa daidai wa daida, ita kuwa Barewa ba ko'ina ta rage ba. Hannuwanta da kafaɗunta suna nan da zafinsu, a juyin hagu ne da wajen sauka take neman a ɗan jira ta. Da aka ja kiɗan duka, farkon rawar ya zama kamar ana rakiyar mara lafiya.

Darakta ya kira na can ya yi musu bayani. A ɗakina ya ba ni labarin amsarsu, ina ɗinke masa aljihun kwat. Sun ce in har babu wata hanya, za su nemi kujera ta biyar don makaɗi, amma ba su yi alkawari ba, kuma suna son sani da wuri. In ba a samu kujerar ba, ya ba wata yarinya rawar, su ba su ƙi ba. Akwai kuwa wadda za ta iya, wata da muke kira Ƙarama, ƙafa kamar ba ƙashi. Hanya ta uku kowa ya san ta, a sake naɗar kiɗan a kan ƙafar Barewa ta yau. Amma da zarar an yi haka, an samu wata hanya ke nan, kujera ta biyar ta tashi. Darakta ya kasa buɗe baki ya roƙi Yaya wannan, kuma na ga mutuncinsa da bai roƙa ba.

Da yamma na wuce gidan Yaya. Ni da matarsa ba kullum muke shan inuwa ɗaya ba, amma ranar bakinmu ya zo ɗaya. Na ce masa faɗuwa ce ta zo daidai da zama, ba abin da ake so ya yi sai ya zauna shiru. Ba ƙarya zai yi ba, ba ƙin aiki zai yi ba, ba wanda ya ma tambaye shi. Ya bari su gane da kansu cewa akwati ba ya ganin ƙafa.

"Baban yara," in ji matarsa, "sau ɗaya dai a rayuwarka ka tsaya a bi ka."

Ya tambaya, in kuma na can ba su samo kujerar ba fa? Na ce to sai Ƙarama ta yi rawar, duniya ba za ta tashi ba. Na san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma Barewa ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, amma naka sai naka. Na ga yadda wandunan mutumin nan suka koma, ni na rage su. Ya dai gyaɗa kai.

Ya kuwa zauna shiru, har na fara murna. Ya ciro fasfo ya duba ko ya mutu, ya je ya sayo sabuwar fata ya jiƙa. Fuskarsa ta fara dawowa. Barewa ba ta roƙe shi komai ba, gaisuwa ce kawai kamar kullum. Abin da ta koma yi shi ne zuwa da sassafe kafin kowa, ta kunna lasifika ita kaɗai. Ina buɗe ɗakina zan ji kiɗa ya tashi, a kai juyi, a ji tsit, a koma farko. Wani lokaci da faɗuwa, wani lokaci babu. Da rana kuma Darakta ya fara sa Ƙarama koyon rawar a bayan zaure, wai don ko-ta-kwana, Barewa na zaune tana gyara mata hannu.

Wata safiya Yaya ya zo da wuri don ya ɗaura sabuwar fatar. Ya tarar da ita zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta ɗora ledar ƙanƙara a gwiwa, lasifika na ta zuba kiɗansa ba mai taka shi. Gwiwar ta kumbura ta yi sheƙi. Ya ajiye fatar. Sannan ya je ya kashe lasifikar, ya ce mata ta huta kwana biyu kada ta taka komai. Da Darakta ya iso, na ji yana gaya masa ya kira mai ɗaukar sauti, amma ya kawo kayansa nan zaure, don ɗakin soson nan ba wurin juyi.

Na tare shi a ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyana.

"Yaya, ka san abin da kake yi? In ka naɗa, kai da jirgi sai dai ka ji ƙararsa."

"Na sani."

"To don me?"

"Ni hannu ne, a zaune nake aikina, zai kai ni wasu shekaru. Ita ƙafa ce. In ba ta je wannan ba, ba ta da wata."

Na ce shi ma ai ba shi da wata. Ya ce haka ne, ya wuce ciki.

Ranar naɗin aka kashe fankoki saboda ƙara, aka rufe tagogi, aka ce ni ma in tsayar da keke. Zafi ya cika zauren har zufa na ɗiga daga haɓar mai ɗaukar sauti. Barewa ta cire takalma ta tsaya a tsakiya, ba ta kalli Yaya ba, shi ma fuskarta ba ta cikin aikinsa. Suka fara. Na shekara nawa ina jin kiɗan nan ta bango, amma ban taɓa jin sa kamar na ranar ba, kuma haushi ya sa ban so in yarda ba. Inda take da zafi ya ba ta wuta. Da aka zo juyin hagu ya buɗe mata fili, ya cike wurin jiran da wani ɗan ado na yatsu, yadda duk wanda ya ji zai ce salon kiɗan ke nan tun asali. Sau ɗaya aka ɗauka.

Aka mayar da sautin ta lasifika don a gwada. Ta sake tashi ta yi rawar a kansa, shi yana zaune hannuwa a kan gwiwa. Kiɗan ya zauna mata cif, kamar rigar da aka auna ta. Da ta gama ta durƙusa a gabansa ta ce, "Kawu." Ya ce ta tashi, durƙuso ba ya yi wa gwiwar nan kyau. Kafin la'asar Darakta ya kira na can ya ce su bar wahalar neman kujera, an samu hanya. Sun yi murna ƙwarai, sun ce a miƙa godiyarsu ga makaɗin.

Na yi fushi, kuma har gobe ina kan bakana, da ya ƙara haƙuri kaɗan wataƙila da an samo kujerar. Matarsa ta yi kwanaki sai dai ta ajiye masa abinci ta juya. Ranar tafiya shi ya ɗaukar wa Barewa jaka har mota. Ba akwatin ganga, ba bargo, ba rigima da ma'aikatan filin jirgi. Kiɗan duka yana cikin wani ɗan abu kamar yatsa a aljihun kwat ɗin Darakta, aljihun da na ɗinke. Mota ta tashi, Yaya ya koma zaure ya zauna ya ƙarasa ɗaura fatar da ya sayo.

Wasa ya yi kyau, aka ce mutane sun miƙe tsaye suna tafi. Tun ba su dawo ba wasu masu gayyata biyu suka aiko suna so baɗi, mutum huɗun nan dai, da kiɗan nan dai. Su ma na can ba su cika zuwa mana ba yanzu, sai dai su turo bidiyo mu tura musu. Yaya yana buga wa atisaye, in an shirya sabuwar rawa ya bi ta har ta nuna, sannan a naɗa a gode masa. Ba ya ƙorafi, ni ce mai yi masa, na kuma fara gajiya.

Ranar da suka dawo mota ta tsaya bakin get, kowa ya fita da gudu ana rungume-rungume. Barewa ta sauko tana dariya, ta yi ƙiba kaɗan, ta ratso tsakar filin da ledar tsaraba a hannu. Yaya yana tsaye a inuwar zaure, ido a kan ƙafafunta, bai je tarya ba sai da ta iso, suka gaisa, ya yi mata barka da hanya. Da hayaniya ta lafa na koma kan kekena, sai ga shi a bakin ƙofa yana tambaya ko ina da lambar mai ɗaukar sautin nan. Na ce ina da ita, me za a yi kuma?

"Ki ce ya ajiye mana rana kafin tafiyar baɗi," in ji shi. "Ta fara tausaya wa gwiwar dama ma."